Notin da aka ɗaura mini a muƙamuƙi

Ni bakanike ne. Shekara 26 ke nan ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Kano, kuma babu abin da na fi yi wa masu mota faɗa a kansa kamar jan ƙafa. Mutum zai ji ƙara a giya, ya ƙara wa rediyo murya ya ci gaba da tafiyarsa, sai ranar da motar ta tsaya cak a titin Zariya ya kira ni yana salati. In na kwance giyar sai in tsinto ɗan guntun ƙarfe a cikin baƙin mai, in ɗora a tafin hannu in nuna masa: "Alhaji, ka ga wannan? Haƙori ɗaya ne ya fara karyewa, shi ya bi ya cinye sauran." Na faɗi maganar nan ta fi a ƙirga. Ashe har da bakina nake.

Tsakuwa ce ta fara tona mini asiri. Wata rana a 2019 muna zaune gindin darbejiyar bakin gareji, yaro ya sayo mana garau-garau, na kai loma ta uku sai na ji ƙas, har cikin ƙwaƙwalwata. Na tofo a hannu, ga tsakuwa, ga ɓallin haƙori a gefenta. Mataunina ne na ƙasa ta hagu, babban nan da yake yin rabin aikin tauna. Na zagi mai shinkafa, amma a raina na san tsakuwar ta tarar da bango a tsage ne. Haƙorin ya daɗe da kogo. Mutumin da yake shan shayi sau uku a rana da sukari har cokali ya kusa tsayawa, ya bi da biredi, ya kwanta bai goge baki ba saboda gajiya, bai kamata ya ɗora wa tsakuwa laifi duka ba.

Bayan mako biyu ciwo ya sauka. Wanda bai taɓa ciwon haƙori ba ba zai gane ba, kuma ba na yi masa fatan ya gane. Da rana yana ɗan lafawa saboda hayaniyar aiki, amma da an yi sallar isha'i, na sa kai a matashi, sai ya fara bugawa kamar ana dukan bodin mota da guduma. Na tauna kanumfari, na kuskure da ruwan gishiri, na sha ƙwayoyin kemis har cikina ya fara zafi. Daga nan na yi abin da har yau nake jin kunyar faɗa. Wani abokin sana'a ya ce ai magani yana gabana ban gani ba, in sa ruwan batir, yana kashe tsutsar nan take. Na naɗe auduga a tsinke, na tsoma, na cusa a kogon. Ni da na san ɗigo ɗaya na ruwan nan yana huda wando. Ya ƙona mini dasashi da cikin kunci, kwana biyar ko koko da ƙyar nake sha, ciwon kuma bai je ko'ina ba. Babu wata tsutsa a haƙori, ruɓewa ce kawai ta kai ga jijiya. Don Allah kada wanda ya gwada.

Da kumatuna ya kumbura sai na je wajen wani mai cirewa a wani lungu bayan kasuwa, saboda araha kuma babu layi. Ya yi ta kokawa da haƙorin har ya ɓalle, ya nuna mini kansa ya ce shi ke nan. Ashe ya bar saiwa ɗaya a ciki. Wata biyu wurin yana ruwa yana wari, sai da na haƙura na je sashen haƙori na asibitin gwamnati, na kama layi tun asuba, aka ɗauki hoto aka tono guntun. Likitar da ta yi aikin ta ce in wurin ya warke in dawo a san yadda za a cike giɓin. Na ce to, na gode, na fita ina dariya a raina. Giɓin da yake can ƙurya, ko hamma na yi ba kowa zai gani ba, me zan cike?

Shekara huɗu na yi a haka. Na mayar da tauna gaba ɗaya ɓangaren dama, har na manta cewa ina da hagu. Abin da ya fara damuna shi ne sakace. Ko me na ci sai ya maƙale a wurin, tsire kuwa sai in yi rabin awa ina fama da tsinke. Sannan muƙamuƙina na dama ya fara ƙara in na buɗe baki sosai, ƙwas, kamar bol-join ya mutu. Rake na daina sha, ƙuli-ƙuli sai an daka, kilishi kuwa sai dai in tsotsa kamar tsoho. Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce, "Maigida, kai fa yanzu in kana cin abinci sai ka karkatar da kai kamar mai sauraren raɗa." Na ce mata ta ji da tuwonta.

A farkon 2023 mataunin dama, wanda yake ɗauke da aikin mutum biyu, shi ma ya fara tsami in na sha ruwan sanyi. Nan tsoro ya kama ni. Wani mai mota da nake yi wa aiki ya kwatanta mini wani asibitin haƙori mai zaman kansa, na je. Likitan saurayi ne, zan girme shi da shekara 15, amma ya san aikinsa. Ya yi wa na daman ciko, sannan ya ɗauki hoton bakin gaba ɗaya ya sa a kwamfuta, ya juyo da ita wajena.

"Malam, me ka gani a nan?"

Ban buƙaci bayani ba. Haƙorin da yake bayan giɓin ya kwanto gaba kamar katangar da damina ta ci gindinta. Na sama kuma, wanda a da yake sauka a kan wanda aka cire, ya zazzago ƙasa ya fi 'yan'uwansa tsawo, saboda babu abin da yake tare shi. Ƙashin wurin giɓin ya lotsa, ya sirance. Likita ya ce haka ƙashin muƙamuƙi yake, saiwar haƙori ce take ba shi aiki, in aka cire ta sai ya fara janyewa, kuma mafi yawan janyewar a watannin farko take faruwa. Ya ce su a wajensu sunan haƙorin nan lamba 36, kuma shi ne matauni na dindindin da yake fara fitowa yaro yana ɗan shekara shida, shi ya sa iyaye da yawa suke zaton na nono ne, su bar shi ya ruɓe. Na ce a raina, to, har lambar kaya gare shi kamar kayan mota na kasuwar Ƙofar Ruwa.

Hanya uku ya shimfiɗa mini. Ko haƙorin roba da ake sawa a cire, shi ne mafi araha. Ko abin da suke ce wa gada, a feƙe haƙoran gefe biyu a ɗora haƙora uku a haɗe, na tsakiya yana rataye. Ko kuma dashe, a huda ƙashi a ɗaura noti na wani ƙarfe, ya zama saiwa, daga baya a ɗora haƙori a kai. Na roba na san shi, kawuna yana da shi, kullum a kofi yake kwana, rannan ma ya kusa haɗiye shi da tuwo. Gadar kuwa ba ta kwanta mini ba. A sana'ata ba a lalata kaya biyu masu lafiya don a gyara ɗaya. Dashen ne ya shiga raina, har sai da ya faɗi kuɗin. Ba su da nisa da kuɗin sabon babur. Lokacin kuma ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, mutum yana da kuɗi a banki amma naira dubu biyar ta gagare shi a hannu. Na ce zan yi shawara. Irin shawarar nan da ba a dawowa.

Na dawo dai, a watan Nuwamba, bayan na ciji kuncina har jini saboda haƙorin saman nan da ya zazzago. Kafin nan an cire tallafin mai, an saki naira, dala ta haura dubu a kasuwar 'yan canji ta Wapa. Notin da duk tarkacensa daga waje ake kawo su, don haka kuɗin ya yi tsalle. Da likita ya faɗi sabon farashin sai na tuna fuskokin masu motar da nake yi wa wa'azi. Akwai wata tsohuwar Golf da na saya a mace na tayar da ita da niyyar in riƙa kai yara makaranta, ita na sayar, na haɗa da kwasar adashi.

Hajiyarmu da ta ji labari sai ta sa aka kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wannan, mota sukutum a kan haƙorin da ko dariya ka yi ba a gani? Ni da aka sa mini nawa a Makka, ko shayin da na saya bai huce ba aka gama." Ta buɗe baki ta nuna mini haƙorin Makkanta yana ƙyalli. Na ce, "Hajiya, naki ado ne, nawa na cin tuwo ne." Ta ce Allah ya kyauta, ya sa a yi a sa'a. A wajen Hajiya wannan izini ne.

Sai kuma maganar addini, don zuciyata ta ɗan yi ɗar. Na tsaya bayan sallar magariba na tambayi limaminmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan bai shiga canja halitta ba?" Ya ce a'a, mayar da abin da ya lalace magani ne. Ya kawo mini labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Da na ce masa likita ya ce za a ƙara mini garin ƙashi a inda nawa ya sirance, sai ya ce to wannan ka tambaya na mene ne. Na tambaya. Likita ya ce akwai wanda ake yi daga ƙashin saniya, akwai na haɗin masana'anta wanda babu dabba a ciki, kuma akwai wasu kayan aikin da ake samu daga alade, shi ya sa yana da kyau mutum ya buɗe baki ya tambaya. Na zaɓi na haɗin.

Kafin a taɓa ni sai da aka auna sukari da hawan jini, aka tambaye ni ko ina shan taba. Ya ce sukarin da ba a shawo kansa ba da hayaƙin taba su ne manyan abokan gabar dashe, suna hana wurin kamawa. Taba na bar ta tun kafin in yi aure. Aka wanke mini haƙora, aka kankare dattin shekara da shekaru na goro da shayi. Sannan aka tura ni wani wuri aka ɗauki hoton da yake nuna ƙashi ta kowace fuska, tsawo da faɗi da kauri. A cikinsa ya nuna mini wani siririn layi da ya ratsa ƙasan muƙamuƙi. Ya ce jijiya ce, ita take ba leɓen ƙasa da haɓa ji, in noti ya taɓa ta mutum zai iya zama da mataccen leɓe. Ya auna ya ce nawa zai ɗauki mai tsawon milimita 10, ya bar tazara tsakaninsa da ita. Ganin yana awo kafin ya huda ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani lallashi.

Tambayata ta ƙarshe ta bakanike ce. Na ce, "Likita, ƙarfe a cikin yawu shekara da shekaru, ba ya tsatsa?" Ya yi dariya ya ce titaniyam ne, ba ya yi, kuma abin mamakinsa ma ba nan yake ba. Ya ce wani likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, a 1952 ya sa ɗan ƙarfen nan a ƙashin ƙafar zomo don wani bincike daban, da ya zo cirewa sai ya ƙi fita, ƙashin ya manne da shi kamar an yi walda. A 1965 ya fara sa wa mutum a baki, mutumin kuma ya rayu da su sama da shekara 40. Wato abin da mu muke tsine wa a gareji, noti ya kama ya ƙi kwantuwa, shi suke nema.

An yi aikin a tsakiyar Janairun 2024, da sanyin safiya, hazo ya rufe gari. Allurar kashe zafi ce kawai ta ɗan yi mini zogi, bayan minti kaɗan rabin leɓena ya zama kamar na aro. Aka rufe mini fuska da kyalle mai huda a daidai baki. Ban ga komai ba, amma kunnen bakanike ba ya barci. Na ji ya tsaga dasashi, ba zafi, sai dai taɓawa. Na ji ya fara da siririn bakin huda, ya canja zuwa wanda ya fi shi kauri, ya sake canjawa, daidai yadda muke faɗaɗa rami kafin mu yanka tiredi. Injin ba ya gudu da ƙarfi, a hankali yake juyawa, girgizarsa tana bi ta ƙashi har kunne, ruwa mai sanyi yana zuba ana zuƙewa. Daga baya ya gaya mini ruwan na hana ƙashi ɗaukar zafi ne, domin in ya wuce digiri 47 yana mutuwa, notin ba zai kama ba. Sannan na ji notin yana shiga, zagaye bayan zagaye, yana ƙara tauri, har na ji ƙas-ƙas ɗin ƙaramar sifana. Da bakina ba a cike yake da ƙarfe ba da na ce masa ya isa haka, kada ya cinye tiredin. Ya zuba garin ƙashin a gefe, ya rufe, ya ɗinke. Duka-duka bai kai awa ɗaya ba. Wahalar da na sha a hannun mai cirewar bayan kasuwa ta ninka wannan sau goma.

Kwana uku kumatu a kumbure, ina dannawa da ƙanƙara a tsumma, ina shan maganin da aka rubuta. Kunu, fate, yogot, shi ke nan abincina. Bayan kwana goma aka cire zare. Na sa harshe na laluba, babu komai, giɓi yana nan yadda yake, dasashi ya rufe lif. Yaran gareji suka ce, "Oga, ina haƙorin?" Na ce yana ciki. Babbansu ya ce, "Oga, anya ba a yi maka sakiyar da ba ruwa ba?" A gaskiya ni ma akwai daren da na kwanta ina lissafin Golf ɗina.

Wannan jiran shi ne ainihin aikin, kuma babu abin da mutum zai yi a kai. Ƙashi ne yake tsirowa a hankali yana shiga tsakanin zaren notin. Likita ya ce na ƙasa yakan ɗauki kamar wata uku, na sama ya fi daɗewa saboda ƙashinsa ya fi taushi, ni kuma tunda an yi mini ƙari gara a ba shi lokaci. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, na yi shi lafiya, sai dai dabino ta dama nake taunawa. Bayan ƙaramar salla na koma, aka ɗauki hoto, ya ƙwanƙwasa, ya ce alhamdu lillahi ya kama. Ya ɗan buɗe dasashin ya ɗaura wani ɗan maɓallin ƙarfe don naman ya zagaye shi ya yi masa wuya. Bayan mako biyu aka ɗauki awon bakin, aka kara wasu 'yan haƙoran gwaji a jikin nawa ana neman launi. Farin farko da ya ɗauko sai da ma'aikaciyarsa ta yi dariya. Haƙoran mai cin goro ba sa tafiya da wannan, sai da aka gangara can wajen masu ruwan ƙasa-ƙasa.

Ranar da za a ɗora, cikin watan Mayu, na roƙi a bar ni in ga sifanar. Ya miƙo mini. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tsawon yatsana ba, amma mai awo ce sak irin tawa, da 'yan layukanta a jiki. Ya ce zai ɗaure a 35, niyuton-santimita, wato awon ƙarfin ɗauri. Na yi lissafi a kai, notin tayar ƙaramar mota muna ɗaure shi wajen niyuton-mita 110, ya ninka wannan fiye da sau 300. Haƙorin da kansa da rami a tsakiyarsa inda ɗan sukurun yake bi, ya ɗaure, ya toshe ramin da ciko. Saboda na bayan ya kwanto, sai da aka yi sabon ɗan tsukakke, aka kuma ɗan goge na saman da ya zazzago kafin bakin ya rufu daidai. Wannan shi ne ladan shekara huɗun da na yi ina shawara. Ya riƙa sa mini wata 'yar takarda mai shuɗi yana cewa in cije, yana duba inda ta yi tambari yana gogewa, har sai da kowane ya zauna a mazauninsa.

Ba zan ce daidai yake da wanda Allah ya halitta ba. Haƙorin asali yana da wasu siraran zaruruwan nama tsakaninsa da ƙashi, yana ɗan motsi, yana gaya maka taurin abin da ka ciza. Wannan shiru yake, a kafe, in na taune abu a kansa sai in ji kamar daga nesa ake ba ni labari. Ba ya ruɓewa, wato ba ya kogo, amma likita ya ja mini kunne cewa dasashin da ƙashin da suke riƙe da shi suna iya ciwo in aka bar datti, har notin ya yi lako-lako ya fita. Ya ba ni wani ɗan buroshi siriri kamar na wanke kafireto, in riƙa zura shi ta gefe da gefe kullum dare, in kuma riƙa zuwa duk wata shida. Ya ce ban da fasa ƙashi, ban da buɗe kwalba da haƙori, ban da yanke waya. Na ƙarshen nan ya san da wa yake.

Babbar salla ta zo ranar 16 ga Yuni. Washegari aka kawo soyayyen naman layya a kwano, irin wanda ya ji mai ya ƙandare. Na ci yanka huɗu kafin maiɗakina ta ce, "Maigida, ka sayar da mota ka kuma ci gaba da karkata kai?" Wallahi ban sani ba, da dama nake ta tauna. Sai da na sa harshe na tura naman hagu da gangan, kamar mai koya wa yaro tuƙi. Ya yi wajen wata guda kafin bakin ya riƙa yi da kansa. Ƙarar muƙamuƙin ta ragu sosai, ko da yake ba ta tafi gaba ɗaya ba. Shayi ina sha har yanzu, cokali ɗaya, mai shayin ya daina tambayata ko lafiya.

Watannin baya na lura ƙaramin yaron garejina, ɗan shekara 14, ya yini da hannu a kunci, bai ci abincin rana ba. Can da la'asar na hango shi ya tsuguna bayan wata Sharon, gaban batirin da muka sauke, yana naɗa auduga a tsinken tsintsiya. Na daka masa tsawar da sai da masu walda na maƙwabta suka leƙo. Na aika aka gaya wa babansa, washegari da asuba na goya shi a babur muka je muka kama layi. Nasa lamba 46 ne, ta ɗaya gefen. Kogon bai kai jijiya ba, aka yi masa ciko, muka dawo gareji kafin azahar.